Yaya Jikin Zakara?

Akwai wani jan zakara a gidanmu da ba mai iya yanka shi. Ya tsufa, namansa ma ba zai taunu ba yanzu, amma in ya ratso tsakar gida mata janye tabarma suke yi su ba shi hanya. In ka lura da kyau za ka ga ɗan kumburi a ƙafarsa ta dama. Ni na riƙe shi ranar da aka karya ƙafar. Saboda shi nake wannan rubutu, da kuma yayana Labi, wanda aka karya ta dominsa.

Ni ke tuƙa babur ranar da muka yi hatsari da shi. Labi masaƙi ne, ya ce in kai shi kasuwa da ƙunshin zannuwan da ya saƙa. Muna gab da fita Iseyin wata motar gawayi ta kwaso daga kwana ta matse mu. Ni gwiwar hannu kawai na goge. Shi kuwa ƙwaurinsa na dama ya shiga tsakanin babur da ƙarfen motar. Da na juya na ga ƙashin ya huda wando ya fito, fari fat kamar ɓararren rogo, ƙasa da baƙin mai duk sun shiga ramin. Wani guntun ƙashin ma a kan titi muka baro shi. Bai suma ba. Ya dube ni ya ce, "Niyi, direban lahira, ka kusa kai ni, saura kaɗan."

A wani asibiti a Oyo aka kwantar da shi. Likitar ƙashin mace ce, gajeriya, ba ta da yawan magana. Sau uku tana shiga da shi ɗakin tiyata tana wanke ciwon, tana yanke mataccen nama. Ta kafa masa ƙarafa daga waje, sun huda fata sun riƙe ƙashin, har Labi yana cewa an mayar da shi eriyar talabijin.

A rana ta takwas ta tara mu a bakin gadonsa: ni, da Baba, da matarsa Iya Sunbo. Ta ce hanya biyu ce. Ana iya ci gaba da ƙoƙarin ceto ƙafar, a ɗebo nama daga bayansa a rufe ramin, a ɗebo ƙashi daga ƙugunsa a cike gurbin, tiyata bayan tiyata, shekara biyu ko fiye, kuma bayan duk wannan ana iya rasa ta. Ko kuma a yanke ƙasa da gwiwa, in ya warke a yi masa ƙafar roba, cikin 'yan watanni ya taka. Ta ce da ƙafar ɗan'uwanta ce, yankewa za ta zaɓa, domin jini ba ya isa tafin yadda ya kamata, ruɓar kuma ta fara hawa. Abu ɗaya ta ce kada a yi, shi ne a zauna ana jira.

Labi ya tambaye ta ko mai ƙafar roba yana iya taka masaƙa. Ta ce ta taɓa ganin tela yana taka keke da ita. Ya kalli yatsun ƙafarsa da suka fara komawa launin toka, sannan ya dubi matarsa da ke goye da 'yarsu Sunbo.

"A yanke," ya ce. "Hannu ne ke jefa ƙoshiya. Ba zan yi shekara biyu a kwance yarinyar nan tana koyon tafiya ba ni ba."

Baba ya bari sai da likitar ta fita.

Gidanmu gidan Oje ne, mu ke fito da egungun, dodon da kakanni ke saukowa cikinsa su ziyarci masu rai. Namu sunansa Afefe, wato iska, saboda yadda yake juyi har tsummokan rigarsa su miƙe kamar laima. Kowa a unguwarmu ya sani, ba kuma wanda ya taɓa furtawa, cewa shekara tara ke nan Labi ne a cikin rigar, tun da gwiwoyin Baba suka gaza. Ba a cewa akwai mutum a cikin dodo. Saboda haka abin da ke ran Baba, cewa mai ƙafa ɗaya ba ya juyin Afefe, bai faɗu a gaban mace ba. Cewa ya yi kawai ba a binne ɗan gidan Oje gunduwa-gunduwa, kuma akwai maɗori a Ipapo da ya ɗora ƙafafun da suka fi wannan lalacewa.

Labi ya ce, cikin ladabi, ya riga ya yanke shawara.

Sai Baba ya cire hularsa. Ya naɗe babbar rigarsa, ya durƙusa da ƙyar, ya miƙe rub da ciki a kan simintin ɗakin, goshinsa a ƙasa, a gaban gadon ɗansa. A wurinmu yaro ne ke kwanta wa babba. Uba ya kwanta wa ɗan da ya haifa, wannan ya fi baki muni, ana cewa ɗan ba ya ƙara ganin daidai. Masu jinya a sauran gadaje suka kau da kai. Labi ya yunƙura zai sauko, ƙarafan suka bugi gado, zufa ta karyo masa.

"Baba, ku tashi. Don Allah ku tashi."

"Ba zan tashi ba sai ka ce mu tafi gida."

Da hannunsa Labi ya sa hannu a takardar sallama. Likitar ta bi mu har bakin mota tana cewa ko ba za a yanke ba a bar shi a hannunta, ta gwada ɗaya hanyar. Baba ya gode mata, ya ce ta yi iya nata. Ta kamo hannuna ta ce in wari ya canja, ko zazzaɓi ya zo da rawar sanyi, in dawo da shi ko da sato shi zan yi. Na gyaɗa kai. Ni da na kayar da shi, ba ni da bakin magana a gidan.

Maɗorin, Baba Ajao, tsoho ne mai sanyin hannu. Da ya kwance bandejin ya daɗe yana kallo. Ya ce shi karayar da ke cikin fata ya saba ɗorawa, wannan da ƙashi ya sha iska ba ya son ta. Baba ya tuna masa cewa kakansa ne ya ɗora wa kakanmu, ya ce ko jikan ne hannunsa ya mutu? Tsohon ya haɗiye maganarsa. Ya ce to a cire ƙarafan Bature, ba sa haɗuwa da aikinsa. Babu mai abin kwancewa sai ni. Da sufanar babur ɗina na kwance su, ɗaya bayan ɗaya, Labi ya cusa zane a baki, mutum uku sun danne shi.

Sannan aka kawo zakaran. Haka ake ɗori a wurinmu: maɗori ya karya ƙafar zakara daidai inda ta mutum ta karye, ya shafa musu magani ɗaya, ya ɗaure su da kara iri ɗaya. Ranar da zakara ya taka, ƙashin mutum ya kama. Na riƙe fukafukansa, Baba Ajao ya sa babban yatsa, na ji ƙas a tafin hannuna. Aka kifa masa kwando a ƙofar ɗakin Labi.

Daga ranar nan gidanmu ya koma jinyar zakara. Da safe Baba zai fito, ya ɗaga kwando, ya duba ko ya ci masara, ko idonsa ya washe. Baffanninmu in sun zo gaisuwa a wurin kwandon suke tsayawa, su tsuguna su yi ta nazari, sannan su leƙa ɗaki daga bakin ƙofa su ce sannu, alamu suna da kyau. Iya Agba, yayar Baba, har dafaffen ƙwai take marmasa masa. Labi yana jin su duka. In na shigo masa da koko da safe, kafin in gaishe shi sai ya riga ni.

"Niyi, yaya jikin zakara?"

"Da sauƙi, Yaya."

"Madalla. A ce ina gaishe shi. A ce ya yi haƙuri, ni na jawo masa."

Kwana huɗu da dawowarmu warin ya canja. Da farko kamar naman da ya kwana ne, daga baya ya zama wani abu mai zaƙi-zaƙi da ke maƙalewa a maƙogwaro, ko tuwon amala ka sa a baki shi kake ji. Iya Sunbo ta faɗa wa Baba tana durƙushe. Ya ce mugun jini ne ke fita, wanda bai yi wari ba ai bai fita ba. Iya Agba ta kawo kasko ta riƙa turara ɓawon lemo a ƙofar ɗakin.

A kwana na bakwai zazzaɓi ya zo da rawar sanyi, har gadon yana ƙara. Baba ya ce ƙashi ne ke neman ɗan'uwansa, shi ma haka ya yi lokacin da ya karye a hannu yana yaro. Iya Sunbo ta ce a bari ko allura a zo a yi masa. Iya Agba ta ce ita dai ta lura tun da aka dawo akwai wadda ba ta son a ga ɗorin nan ya kama, ko don an fi son miji gurgu ne, mai zama a gida ba ya zuwa ko'ina. Daga ranar aka hana Iya Sunbo taɓa ƙafar. Abinci kawai take kaiwa.

Matan gidanmu ba sa kiran ƙannen miji da suna, laƙabi suke sa musu. Ni Ba-ka-zama take ce mini, don tun da na bar makaranta ban yi wata shida a sana'a ɗaya ba. Ta same ni a bayan gida ina wanke babur, ta tsaya tana kallon ruwan da ke gangarewa.

"Ba-ka-zama, yau kai ne ka iya zama?"

Na ci gaba da wanke babur.

"Kullum ƙafarka tana waje. Yanzu da ake neman mai fita da mutum, ka zama turmi."

Na ce mata Baba ya ce a jira zakara. Ta dube ni, ta gyara goyonta, ta koma ciki.

A kwana na goma Baba Ajao ya kwance karan don ya sake magani. Ina riƙe da ƙwaryar ruwa. Tafin ƙafar ya yi baƙi kamar gawayi, fatar ƙwaurin tana saɓulewa da kanta, kumburin ya haye gwiwa. Ya danna cinyar da yatsa, na ji wani ɗan ƙara a ƙarƙashin fata kamar ana murza leda. Tsohon ya wanke hannunsa ya daɗe yana wankewa. A zaure ya ce wa Baba, a hankali, wannan ta fi ƙarfinsa, a mayar da yaron asibiti yau, kada a kai gobe. Baba ya ce ya ga zakaran kuwa? Jiya ya fara dafa ƙafar a ƙasa. Baba Ajao ya ce zakara ba a kan titi ya karye ba. Ya ɗauki jakarsa, ko ruwa bai sha ba, bai ƙara dawowa ba. Baba ya gaya wa mutanen gida cewa maɗori ya gama nasa, saura jira, shi zai ci gaba da shafa maganin.

Na ji abin da tsohon ya faɗa da kunnena. Na yi shiru kwana biyar.

A kwanakin nan Labi ya daina wasa. Ya rame, idanunsa suka yi rawaya. Wani lokaci yana magana da mahaifiyarmu da ta rasu tun ina ƙarami, yana ce mata ta matsa daga bakin ƙofa tana tare masa iska. Wani lokaci ƙafarsa mai lafiya tana motsi ita kaɗai a kan gado, tana taka masaƙar da babu. Ɗakin da ake ajiye rigar Afefe yana jikin nasa, bango ɗaya ya raba su. Ya ce mini yana jin rigar tana juyi a ciki, tsummokanta suna shafar bango.

Ranar da ta cika kwana goma sha biyar, da hantsi, Baba ya ɗaga kwando, zakaran ya fito. Ya ɗan ɗingisa, ya tsaya, ya karkaɗe fukafukai, ya taka har bakin rijiya. Iya Agba ta rangaɗa guɗa. Baba ya aika a kira baffanni, aka ɗora tukunya, aka ce za a yi amala da miyar wake a ci a gode. Na shiga ɗaki. Hankalin Labi ya dawo a lokacin, yana jin hayaniyar.

"Ya taka?"

"Ya taka, Yaya."

"To ni ma in tashi ke nan." Ya yi ɗan murmushi, leɓɓansa duk sun tsage. Ya kamo rigata. "Niyi, kai ka ɗauko ni daga gida ranar nan. Ka ƙarasa aikinka. Ka kai ni a yanke."

Na fita ta ƙofar baya na samo mai motar da ke ɗaukar doya. Ni da Iya Sunbo muka naɗo shi a tabarma muka ratsa tsakar gida da shi, ta tsakiyar masu cin amala. Ba shi da nauyi, kamar ƙunshin zane. Baba ya miƙe, ya kai hannu ga hularsa. Na ce masa ko ya kwanta zan tsallake shi. Ban taɓa yi masa magana a tsaye ba sai ranar. Hannunsa ya tsaya a kan hular, muka wuce.

Likitar ba ta yi mana faɗa ba. Ta buɗe tabarmar, ta rufe, ta tambaye ni kwana nawa da fara rawar sanyi. Na ce takwas. Ta ce yanzu ba maganar ƙasa da gwiwa, daga can saman cinya za a cire, kuma dafin ya riga ya shiga jini. Aka cire. Ya yi kwana biyu. A rana ta biyu da la'asar ya buɗe ido ya tambayi Iya Sunbo ko yarinyar ta fara tsayawa, ta ce tana kama bango. Bai ƙara magana ba har ya cika.

Baba ya zo asibitin washegari. Bai nemi likita ba, bai nemi mu ba. Ƙafar ya zo karɓa. Ya yi ta bin ofis-ofis har aka ba shi ita a naɗe, aka sa ta cikin akwatin gawar, don kada a binne ɗan gidan Oje gunduwa-gunduwa. Ga masu zuwa gaisuwa kuwa cewa yake yi ɗorin ya riga ya kama, kowa ya ga zakara, gaggawar yara ce da wuƙar asibiti suka kashe masa ɗa.

Bayan kwana arba'in akan kira mamaci. Dattawan Oje su je bakin kurmi su kira sunansa sau uku, a na uku ya amsa, ya fito cikin rigar dodo ya zo gida ya yi sallama da iyalinsa. Ba a cika yi wa matashi ba, amma Baba ya ce Labi ya cancanta. Tsayinmu ɗaya da Labi, don haka ni zan shiga rigar. Baba ya kira ni ɗakin rigar, ya koya mini abin da zan faɗa da muryar dodo: na isa lafiya, kwanana ne ya ƙare, ba wanda ya yi mini laifi, matata ta yi biyayya ga gida. Ya sa na maimaita sau uku.

Rigar tana da nauyi, cikinta duhu, sai 'yar ragar da ake gani ta ciki. Warin zufar Labi na shekara tara yana nan a wuyanta. Na ji ana kiran sunansa daga bakin kurmi. A kira na uku na amsa.

An saba Afefe ya shigo gida da juyi. Da na iso ƙofar gida na ga tsakar gidan cike, makaɗa suna jira, sai ƙafata ta dama ta ƙi. Ban shirya haka ba tun farko, amma da ta ƙi sai na bar ta. Na naɗe ta a cikin rigar, na karɓi sandar ɗaya daga masu rakiya, na shiga da ƙafa ɗaya, ina dogarawa, ina tsalle kaɗan-kaɗan. Gangar ta yi rauni, ta mutu. Ba abin da ake ji sai sandar da tafin ƙafa ɗaya a kan ƙasa. Ba mai iya tsawata mini. Wanda ya ce Niyi, daina, ya ce akwai mutum a cikin dodo.

Na tsaya a gaban Iya Sunbo. Tana durƙushe, Sunbo tana tsaye ta kama kafaɗarta. Na sa musu albarka, na ce ita ba ta da laifi, duk gidan su ji. Ta ɗago ta dubi ragar fuskata, ta sunkuyar da kai.

Sannan na juya wurin Baba. Kowa yana kwanta wa mutanen sama, wato mamatan da suka sauko cikin dodo, yaro da babba. Ya cire hularsa, ya durƙusa da ƙyar, ya miƙe rub da ciki, goshinsa a ƙasa, kamar yadda ya yi a asibiti. Yana jiran in ce ba wanda ya yi mini laifi. Na bar shi a kwance har na ji numfashinsa yana tayar da ƙura. Sannan na shaƙe murya na ce:

"Baba, yaya jikin zakara?"

Ba a ƙin amsa wa dodo.

"Ya warke," ya ce da bakinsa a cikin ƙasa.

Na juya na koma kurmi da ƙafa ɗaya.

Ba wanda ya taɓa yi mini maganar, don ba ni ba ne, Labi ne ya zo. Baba bai sake fito da Afefe ba. Bai kuma taɓa cewa ya yi kuskure ba, har yau in an tambaye shi asibiti yake ɗora wa. Iya Sunbo ta koma gidan iyayenta a Okeho da yarinyar. Ni ina Ibadan, ina kabu-kabu, kuma duk safiya da ƙafar dama nake tayar da babur.

Nakan ƙirga kwanakin a kan hanya. Takwas a asibiti, da ƙafa ɗaya kawai za a rasa. Goma sha biyar a gida, mutum ashirin suna cin abinci a tsakar gida ɗaya, suna jin warin, suna duba kwando. Biyar daga ciki nawa ne ni kaɗai. Da an bar shi da abin da ya zaɓa da bakinsa, da yanzu yana bakin masaƙa yana zagin ƙafar roba, yana kirana direban lahira.

Na je gida watan jiya. Na tarar da Baba a zaure shi kaɗai, ya watsa masara a gabansa, zakaran yana tsattsaga. Yana takawa da ƙafafunsa biyu, ko ɗingishi babu.